Agogo Ɗaya, Hannuwa da Yawa

Mu masu gyaran tsofaffin agogunan Faransa, irin waɗanda Turawa ke ɗorawa a kantar murhun ɗaki, sunan da ke fuskar agogo ba ya ruɗarmu. Sau da yawa na mai haɗa inji ne, ko na mai kanti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: akwai mai zane, mai zubin tagulla, mai naƙashi, mai shafa zinariya, da mai gasa farar fuskar.

Sana'ar ta kankama a Paris wajen 1750, lokacin da ƙungiyoyin sana'a suka shata wa kowa iyakarsa, kafin a rushe su a 1791. A wannan tsari Pierre-Philippe Thomire ya tashi. Ya koyi naƙashi a hannun Pierre Gouthière, daga baya aikinsa ya ƙawata fadojin Napoleon.

Aikin zinariya shi ne mai cin rai. Ana kwaɓa ta da zaiba, a shafa wa tagulla, a sa a wuta. Zaiba ta tashi hayaƙi, zinariya ta kama jikin ƙarfe daram. Hayaƙin nan ma'aikata suke shaƙa. Jikinsu ya ɗauki makyarkyata, haƙora su zube, da yawa ba sa kai tsufa. Abin ya dami André-Antoine Ravrio, wanda shi ma ɗan sana'ar ne, har ya bar wasiyyar faran 3,000 ga duk wanda ya samo mafita. Wani mai suna D'Arcet ya ci kyautar a 1818 da murhu mai zuƙe hayaƙi. A 1840 kamfanin Elkington na Ingila ya yi rajistar shafa zinariya da lantarki, sannu a hankali tsohuwar hanyar ta ja baya.

Inji ma ya sauya. Masana'antar Japy ta riƙa fitar da shi da yawa, siririn ƙarfe kuma ya maye gurbin zaren silikin da lilon agogo ke rataye a kai. Idan muka buɗe baya muka ga zare, galibi agogon ya girmi 1850.

Ita kuwa tsohuwar zinariya, ba ma goge ta da maganin ƙarfe. Wanki muke mata a hankali. Inji ya lalace a gyara, amma shafin da mutane suka ba da lafiyarsu a kansa, in ya kankare ya tafi ke nan.