Wuƙar da Aka Kankare wa Suna

Yau Jamus muka nufa.

A farkon 1934, Ernst Röhm, shugaban dakarun SA na jam'iyyar Nazi, waɗanda suka addabi Yahudawa a tituna, ya raba wa tsofaffin yaransa wuƙaƙen ado ƙirar garin Solingen, da sa hannunsa a jikin ƙarfen. Ranar 1 ga Yuli Hitler ya sa aka bindige shi. Umarni ya fito: kowa ya kankare sunan.

Bayan yaƙi ya ƙare a 1945, sojojin Amurka suka kwashi irin wuƙaƙen nan zuwa gida, kasuwarsu ta buɗe. To ka ji ikon Allah, yau wadda sunan ya tsira a jikinta ita ce mai tsadar gaske wajen masu tara su. Shi ya sa 'yan damfara ke sayen kankararru, su sake zana shi.