Daga Gafakar Kakana Zuwa Takardar Tiransifa

Shekaran jiya da la'asar 'yar ƙanina ta same ni a ƙofar gida a Garu, cikin Dutse, idonta ya yi ja. Tana aji uku a sashen shari'a na wata jami'a mai nisa, an ɗaura mata aure, tana son ta dawo kusa da gida. Jami'ar da ta nema ta ce za ta karɓe ta, amma sai ta koma aji biyu, kuma sai tsohuwar jami'ar ta sake ta a rubuce, ta aiko da takardar sakamakonta a rufe. Wata huɗu ke nan takardar tana hanya. Na ce, "Ki yi haƙuri, 'yata," ita kuwa ta ce, "Baffa, shekara guda fa."

Sai na tuna kakanmu. Shi ma shari'a ya karanta, ya kuma sauya makaranta ya fi sau biyar, ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda.

A zamaninsu Dutse gunduma ce a ƙarƙashin En'e ta Kano, kuma mai son zama alƙali ko muhuti a zaure yake farawa. Kaka ya yi Ahalari da Ishmawi da Iziyya a nan gida. Da ya kai Risala malaminsa ya ce masa shi iyakarsa ke nan, ya tafi gaba. Ya rataya gafaka, ya ɗauki ƙunshin dabinon Dutse na gaisuwa, ya bi ta Gaya da Wudil a ƙafa har birnin Kano. Yadda yake ba mu labari, idan ka isa zauren sabon malami ka durƙusa ka gaida shi, abu biyu zai tambaya: wurin wa ka yi karatu, kuma ina ka tsaya? Sai ka buɗe littafin a wurin da ka sa tsinke, ka karanta, ka fassara da Hausa. In ka yi daidai, gobe da asuba ka ɗora daga layin da ke biye. In ka yi tuntuɓe a babin gado, a mayar da kai babin gado kawai. Sunan malaminka na baya shi ne shaidarka, bakinka kuma shi ne jarrabawa. A haka ya yi Muhtasar na Halilu a wani zaure, ya je wani ya ɗauki Tuhufa, littafin da alƙalai ba sa rabuwa da shi.

Abin ya fara sauyawa a Kano. Bayan kafa makarantar alƙalai ta Shahuci, a 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa, aka ɗauko malamai daga Sudan. Nan aka kawo aji da ƙararrawa da jarrabawar ƙarshen shekara. A 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci, wadda kowa ke kira SAS. Malam Abubakar Gumi ya bi ta cikinta, ya wuce Bakhtar Ruda a Sudan, ya zo ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. Kaka bai shiga ba. Ya ce ya tsufa da zama kan benci tare da yara, kuma wannan girman kai ya tsayar da shi a muhuti har ya bar aiki, yana rubuta wa waɗanda ba su kai shi shekaru ba amma sun fi shi takarda.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Dokar Final Kod ta fara aiki a 1960, aka riƙa kwasar alƙalai zuwa Kongo a Zariya su koyi sabon tsari. A 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello da sashen shari'arta, a shekarar kuma aka yi dokar da ta haifi Makarantar Horon Lauyoyi a Legas, wadda hedikwatarta ta koma Bwari a 1997, take kuma da reshe a Bagauda. Da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991 Dutse ta zama babban birni, manyan kotuna suka zo mana har gida. Yaranmu da yawa sukan yi difloma a kwalejin shari'a ta Ringim ko ta Aminu Kano, sannan su nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Wannan ma sauya makaranta ce, sai dai ta hannun JAMB.

Ba na cikin masu cewa komai na da ya fi. Zaure ya yaye malamai, amma ya yaye waɗanda sunan uba ya ɗora a kan buzun alƙalanci, kuma mace ba ta da wurin zama a cikinsa. Na kuma san dalilin tsaurin yau: kowane sashen shari'a yana da adadin ɗaliban da Majalisar Ilimin Shari'a ta yarda ya tura makarantar lauyoyi, don haka kujera ɗaya ma da lissafinta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, cikin wata huɗun nan ba malami ɗaya da ya zaunar da yarinyar ya ce ta buɗe dokar kwangila ta faɗi inda ta tsaya.

Gafakar tana nan a ɗakin Inna, fatar ta bushe ta tsattsage. Na ɗauko mata ita don ta ɗan saki rai. Ta zaro Tuhufa, ganyen ya yi ruwan ƙasa, ta riƙa juyawa a hankali har ta kai wani tsinken tsintsiya a babin shaidu. Ta karanta layi biyu, ta ce sun yi wannan a aji biyu, za kuma ta sake yin sa. Da safe na kai ta tasha, za ta koma ta sake bin sawun takardar.