Goron Da Muka Kawo Da Wanda Muka Tarar

Jama'ar Dutsen Kura, da yawa daga cikinmu goro ne ya fito da kakanninsu daga Kano ko Katsina, har jirgin ƙasa ya sauke su a nan Minna. Amma kaɗan ne suka san cewa goron nan da muke rabawa a wurin suna da ɗaurin aure, baƙo ne a gonakin Yarabawa, kuma ba shi suke kaiwa ɗakin bautarsu ta gargajiya ba.

Yarabawa suna da nasu goron tun fil azal. Suna kiran sa "abata", mu kuma muna ce masa hannun ruwa, saboda yauƙinsa a baki. Shi ba ɓari biyu yake rabuwa ba kamar namu, yakan yi uku, huɗu, har fiye. To, mai ɓari huɗun nan shi ne abin nema. Masu bin addinin gargajiyarsu sukan fasa shi su watsa a ƙasa, su dubi wanda ya kife da wanda ya kwanta rigingine, daga nan su karanta amsar abin da suka tambaya. Shango kuwa, wanda suke danganta wa tsawa, namijin goro ake ba shi, wato "orogbo". Ganye ma haka. Suna da Osanyin, wanda suka ɗauka shi ne mai ilmin ganyayyaki, kuma ba a naɗa sarauta sai an sa wa mutum ganyen "akoko" a ka, wanda mu muka sani da aduruku.

Namu goron fa? Sunan da suka ba shi ya isa shaida: "gbanja", wato Gwanja. Can fatakenmu ke zuwa da jakuna, wata da watanni, su saro shi a kasuwar Salaga. Da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, sai Salaga ta fara mutuwa, goro ya koma bin teku zuwa Ikko. Marigayi Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi arziki ta wannan hanya. A 1912 aka haɗa layin dogo na Ikko da na Baro zuwa Kano, kuma a nan garin namu aka haɗa su. Huhun da kan yi watanni a hanya ya koma isa Kano cikin 'yan kwanaki.

Manoman Agege, Otta da Shagamu ba su yi sanya ba. Da suka ga inda kasuwa ta nufa, sai suka duƙufa shuka gbanja, mutanenmu kuma suka bi su har gida, suka kafa Sabo a Shagamu da Badun, ta Badun ɗin a 1916. A ganinmu wannan ba ƙaramin wayo ba ne: sun noma mana abin da muke ci, sun karɓi kuɗinmu, nasu na bauta kuwa sun bar shi inda yake.

Kada dai mu manta, jiharmu ma tana da nata. Goron Laɓuje daga ƙasar Nupe yake, irin namu ne mai ɓari biyu, kuma sarakunan Bida suna ji da shi tun kafin a shimfiɗa dogo.