Tudun Wadan Zariya da Zaman Zazzagawan Dā

Tudun Wada unguwa ce da ke shimfiɗe tsakanin ganuwar birnin Zariya da kogin Kubanni, wanda ya raba ta da Sabon Gari, kuma idan aka auna ta da birnin da take jingine da shi, jiya-jiya aka kafa ta, domin Turawan mulkin mallaka ne suka yanka filinta a farkon ƙarni na 20, bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya a wajejen 1911. Amma ƙasar da take kai tsohuwar ƙasa ce, kasancewar tana bakin Ƙofar Doka, kusa da dutsen Tukur-Tukur, kuma ba ta da nisa da Kufena, inda Zazzagawa suka zauna tun kafin birnin na yanzu ya zama hedikwatar sarautarsu.

Zamanin da ake nufi a nan shi ne tsakanin ƙarni na 14 da na 16, lokacin da garuruwan da ke gindin duwatsu, irin su Turunku da Kufena, suka dunƙule a ƙarƙashin sarki ɗaya. Jerin sarakunan Zazzau ya sanya hawan Bakwa Turunku a 1536, shi kuwa Tarihin Kano ya kawo labarin Sarauniya Amina, wadda ake cewa 'yar Bakwa ce, tun zamanin Sarkin Kano Dauda, wato 1421 zuwa 1438, saɓanin da har yau masana ba su gama warware shi ba. Dutse shi ne ya fara jawo mutane, saboda yana ba da mafaka ranar hari, ga ruwa da ƙasa mai albarka a gindinsa, sannan a wurin masu bautar iskoki mazauni ne na waɗanda ake yi wa yanka don neman damina mai kyau. Tonon da masana kimiyyar tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi a Samaru a shekarun 1970 ya fito da matoyar tama, wato inda ake narka dutse a fitar da ƙarfe, abin da ya nuna cewa fartanya da mashi daɗaɗɗun kaya ne a wannan yanki.

Ginshiƙin zaman talaka shi ne gandu, ma'ana gonar gida wadda maigida da ƙannensa da 'ya'yansa, wani lokaci har da bayi, suke nomawa tare su ci daga rumbu ɗaya, kowane kuma yana da gayauna, ƙaramar gonar kansa da yake shiga bayan an tashi daga aikin gandu. Dawa da gero su ne abinci, auduga kuwa mata su kaɗa ta, masaƙa su saƙa, marina su tsoma a karofi. Ba banza ba aka yi ganuwar da faɗi har ta kewaye gonaki da kududdufai, domin birnin da aka yi wa ƙawanya dole ya ci da kansa da mutanen ƙauyukan da suka gudo cikinsa.

Bayani mafi armashi game da cikin ɗakin Bazazzagin wancan lokaci ya fito ne daga Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a littafin da ya kammala a 1526. Ya ce mutanen ƙasar mawadata ne masu fatauci, ƙasarsu tana da ruwa da hatsi, kuma a sashenta mai duwatsu sanyi kan sa su hura wuta su zuba garwashi a ƙarƙashin dogayen gadajensu. Duk wanda ya san gadon ƙasa da hunturun Zariya ba zai yi gardamar wannan ba, ko da kuwa marubucin ji ya yi daga bakin fatake.

Fatauci ya ratsa ta Zazzau ne saboda ita ce ƙofar kudu ta ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ce Sarkin Nupe ya aika wa Amina babanni 40 da goro 10,000, labarin Bayajida kuma ya kira Zazzau sarkin bayi, laƙabin da ke tona cewa wani ɓangare na wannan wadata a kan wuyan waɗanda aka kamo daga kudu aka gina shi. Ayarin da ya sauka yakan zo da malamai tare da kaya, kuma da haka Musulunci ya shiga fada a ƙarni na 15, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da bori na tsawon lokaci.

A tsohon tsari, baƙon da ya zo da ilimi ko sana'a cikin ganuwa ake ba shi masauki, ya kafa unguwa, jikokinsa su tashi 'yan gari, kamar yadda malaman da suka fito daga Barno suka zauna a unguwar Kona. Turawa suka juya wannan al'ada, suka ware Sabon Gari ga mutanen kudu, Tudun Wada kuma ga baƙi 'yan Arewa, ma'aikata da leburori da 'yan kasuwa, a wajen ganuwa. A Tudun Wada ne daga baya aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, wanda ya ci gaba da buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939.