"Na Gani da Idona": Shin Gani Ya Kori Ji?

Jama'a, kwanakin baya aka sa ni cikin kwamitin bincike a ofishinmu. Mutum biyu, duk masu gaskiya, sun ga abu ɗaya, amma kowa da labarinsa, kuma kowa a shirye yake ya rantse. Aikin wani bawan Allah na rataye a bakinsu. Shi ya tuna min da wani tarihi da na karanta a jami'a.

A 1932, Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij a Ingila ya wallafa bincikensa kan tuna abu. Ya ba Turawa wata tatsuniyar 'yan asalin Amurka mai fatalwowi, wannan ya karanta ya rubuta wa wancan daga ka, wancan ya miƙa gaba. Kafin a je ko'ina labarin ya gajarce, farautar dabbar teku ta koma kamun kifi, abin da bai dace da al'adarsu ba ya zube. Ba wanda ya yi niyyar ƙarya. Ƙwaƙwalwa ce ke sake gina labari da abin da ta saba.

A 1974 kuma, Elizabeth Loftus da John Palmer a Amurka suka nuna wa ɗalibai 45 fim ɗin haɗarin mota, suka tambayi gudun motocin. Waɗanda aka ce wa motocin sun "ragargaje" suka ƙiyasta kimanin mil 41 a awa, waɗanda aka ce wa sun "taɓa juna" mil 32. Aka sake gwaji da mutum 150. Bayan mako guda aka ce, kun ga fasasshen gilashi? Cikin 50 da suka ji "ragargaje", 16 suka ce e. Cikin 50 da aka ce wa motocin sun "bugi juna", 7 kacal. Alhali babu gilashin sam a fim ɗin!

Kalma ɗaya fa. To ina ga bidiyon WhatsApp da aka rubuta wa "ga ɓarawon yara" tun kafin ka buɗe? Rayuka nawa aka ɗauka a kasuwa da tasha saboda "wallahi na gan shi"?

Ba banza malaman hadisi suka ce gaskiyar mai ruwaya kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da ƙarfin kiyayewa. A kwamitinmu dai mun koma kan takardu. Kai ma kafin ka tura, ko ka ba da shaida, tambayi kanka: gani na yi, ko gaya min aka yi abin da na gani?

Allah Ya kare mu da zaluntar wani.