Tarihin Lura da Numfashi

Ya kai mai karatu, tun asuba kake numfashi, amma da wuya in ka kula da shi. Babban mutum yana shaƙar iska sau 12 zuwa 20 a minti guda. A kwana ɗaya yakan kai sau dubu 20. Sai ran da rai ya ɓaci kake jin canjinsa. Tuna ranar da shanu suka shiga gonarka, ko ranar da farashin albasa ya faɗi alhali da bashi bisa kanka. Numfashi ya yi sama-sama, gaba yana dukan uku-uku. A irin wannan lokaci ne hannu ke ɗaukar sanda, baki ya faɗi maganar da ke raba zumunci.

Yanzu ana yawan cewa a ja numfashi sannu a hankali don a samu natsuwa. Wasu sun zaci sabon abu ne na Turawa. Ba haka ba ne, da tsohuwar zuma ake magani. Ga tarihin abin.

A ƙasar Indiya, fiye da shekara 1500 da suka wuce, wani malami mai suna Patanjali ya tsara horon jiki da zuciya da ake kira yoga. Ya kasa shi mataki 8. Mataki na huɗu shi ne sarrafa numfashi.

Malaman Musulunci ma sun lura da shi. A ƙarni na 12, kusa da birnin Buhara, an yi wani shehi mai suna Abdulhaliƙ Gujdawani. Farkon abin da ya hori almajiransa shi ne su tsare kowane numfashi, kada ya shiga ko ya fita cikin gafala. A wannan ƙarni ne kuma aka yi Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza, wanda ya rasu a 1166. Daga sunansa aka samo ɗariƙar Ƙadiriyya, wadda ta ƙetaro hamada har ta iso mu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, Baƙadire ne.

A cikin Ƙadiriyya akwai zikirin da ake kira anfasu. Kalmar daga Larabci take, ma'anarta numfashi. Masu zikiri suna jeruwa, suna ambaton sunan Allah tare da shigar numfashi da fitarsa. A Kano, almajiran Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, sun shahara da shi. Ibada suke yi, ba magani suke nema ba. Amma sun gane cewa igiya ɗaya ce ta ɗaure numfashi da zuciya.

Likitoci sun zo daga baya suka gano wannan igiya. Wata jijiya ce da ta sauko daga ƙwaƙwalwa, ta bi wuya, ta kai ga zuciya da huhu da ciki. A 1921, a ƙasar Ostiriya, wani masani mai suna Otto Loewi ya yi gwaji da zuciyar kwaɗi guda biyu. Ya motsa jijiyar ta farko, sai bugunta ya ragu. Ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma ta lafa. Da haka aka san jijiyar tana fitar da wani sinadari mai ja wa zuciya linzami. Aikinta yana ƙaruwa lokacin da kake fitar da numfashi. Ɗora yatsa bisa jijiyar wuyan hannunka ka gwada. Idan ka shaƙa, bugun yakan ɗan yi sauri. Idan ka fitar a hankali, yakan lafa.

Daga nan abin ya shiga asibiti. A 1952, a birnin Faris, likita Lamaze ya soma koya wa mata masu ciki yadda za su yi numfashi lokacin naƙuda. A 1975, likita Benson na Amurka ya fitar da littafi. Ya nuna cewa zama shiru, da maimaita kalma guda tare da numfashi, yana kwantar da bugun zuciya. A 2001, a Italiya, likita Bernardi da abokan aikinsa sun auna masu addu'ar carbi ta Kirista da masu wuridin yoga. Sun tarar numfashinsu yana saukowa zuwa wajen sau 6 a minti.

To, ga yadda za ka yi. Zauna a inuwa, ka miƙe bayanka. Ɗora hannu bisa ciki. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 1 zuwa 4, ka bar ciki ya taso. Fitar da ita a hankali kana ƙirga 1 zuwa 6. Yi haka sau 30, wato kamar minti 5. Kana iya ƙirgawa da tsakuwa ko da ƴaƴan carbi. Idan ka ji jiri, tsaya ka huta. Ke ma ƴar'uwa, bayan daka da ɗiban ruwa, wannan naki ne.

Amma a yi hattara. Wannan ba ya maye gurbin magani. Mai hawan jini kada ya bar ƙwayarsa. Wanda ya yi mako 2 yana tari, ko ya ga jini a majina, ko ƙirji ya riƙe shi, ya tafi likita a Birnin Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, ko asibitin Galmi da aka buɗe tun 1950.

Numfashi ba ya biyan bashi, ba ya kawo ruwan sama. Amfaninsa shi ne ya ba ka minti 5 tsakanin ɓacin rai da aikin da-na-sani. Wanda ya samu waɗannan mintoci yakan aje sanda, ya kai ƙara wurin mai gari. Ka soma gwadawa yau da dare tun hankalinka yana kwance, domin ba a koyon iyo ranar da gulbi ya kawo.