Daga Sojan Gona zuwa Fuskar Aro

Tun farkon zamanin Turawa a ƙasar Hausa, sa'ad da talakawa ke rawar jiki in sun hango kaki, aka sami waɗansu shaƙiyyai da suka lura cewa jar dara da tsohuwar rigar soja sun isa su sa dagaci ya durƙusa, sai su shiga ƙauye da sunan aiken Nasara, a yanka musu rago, a tara musu kaji da dawa, kafin gari ya waye sun yi layar zana. Su ne aka yi wa laƙabi da sojan gona, kuma jarinsu bai wuce abu guda ba, wato aron alamar da mutane suka amince da ita.

Da takarda ta zama hujja, mazambata suka koma kanta. A shekarun 1980 wasiƙu masu hatimin jabu na ma'aikatun gwamnati suka riƙa fita daga Nijeriya zuwa ƙetare, har sana'ar ta ɗauki lambar sashe na 419 na kundin laifuffuka, daga bisani ta ƙaura zuwa intanet. Tsakanin 1995 da 1998 Emmanuel Nwude, wanda ya yi shigar burtu da sunan gwamnan Babban Bankin Nijeriya, ya karɓe dala miliyan 242 daga Banco Noroeste na Brazil a kan filin jirgin saman da babu shi, shari'ar da ta zama ɗaya daga manyan ayyukan farko na hukumar EFCC.

Duk da haka, a wancan zamani akwai sauran mafaka, domin wanda ya yi shakkar wasiƙa yana iya cewa sai ya ji murya, ko sai ido ya ga ido. Wannan mafaka ce ƙirƙirarriyar basira ta rushe, tun da yake na'ura, in an ɗora mata hotunan mutum da ɗan guntun maganarsa, tana iya ƙera fuskarsa da lafazinsa ta sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya zauna taron bidiyo da babban jami'in kuɗinsu da abokan aikin da ya shaida fuskokinsu, ya tura wajen dala miliyan 25 bisa umarninsu, alhali babu ɗan Adam na haƙiƙa a taron sai shi kaɗai. Ni kam tausayinsa nake ji, don abin da idonsa da kunnensa suka shaida ya bi.

Maganin wannan ba sabo ba ne: malaman hadisi, da suka fuskanci masu tadlisi, wato masu ɓoye aibin ruwaya, ba su ruɗu da daɗin matani ba, isnadi suka bi, suna tambayar wa ya ji daga wa. Ya kai mai karatu, ranar da muryar ɗanka ta kira ka tana kuka tana neman kuɗi, ka kashe wayar, ka kira shi da kanka ta lambar da ka sani, ka tambaye shi abin da ba wanda ya sani sai 'yan gida.